Ranar da Aka Hana Usta Taɓa Inji

Maigidana makaniki ne, kuma ba ya yarda da inji sai ya saurare shi. A warsharsa, wato garejinsa da ke Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran motoci, idan aka kawo mota ba ya fara kwance komai. Sai ya ɗauki doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. A can suna kiransa Usta, wato babban gwani, ni ina kiransa Haj, 'ya'yanmu kuma Yaba. Ni ma ban tsira ba. In na yi tari a kicin, kafin in juya ya riga ya faɗa mini abin da ya kwance a ƙirjina.

Shekarar da aka yi masa aikin yanar ido, likita ya ce babu warsha, babu ƙura, babu tartsatsin walda, sai idon ya warke. Haj ya tare a diwan, ɗakin baƙi na gaban gidanmu a Omdurman, da baƙin tabarau a fuska. Mutumin da ya saba yi wa mutum goma tsawa kafin karin safe, yanzu ba shi da wanda zai yi wa sai ni da kyanwa. Ido ya rufe, kunne ya ƙara buɗewa. Daga inda yake kwance yana gaya mini cewa firijin maƙwabta ya kusa mutuwa.

A daidai wannan lokacin autarmu tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun kwamfuta. Jami'ar a rufe, a buɗe, a sake rufewa, har ƙawayenta na sakandare suka yi goyo suka yaye, ita tana nan da jaka a kafaɗa. Abin da ya rage mata kawai aikin kammalawa. Malamin da yake duba aikin, wanda suke kira Duktur, ya samu wuri a ƙasashen Larabawa na Khalij, zai tashi ƙarshen wata. Ya gaya mata ƙarara: in ta kawo sakamako kafin ya tafi, zai tsaya mata a zaman munaƙasha, inda malamai ke yi wa ɗalibi tambayoyi a kan aikinsa. In ba ta kawo ba, za a miƙa ta ga wani malamin, da sabon batu, wato wata shekarar ke nan.

Duktur ɗin ne ya ara mata kwamfuta, wani baƙin akwati mai nauyi, ta kawo shi gida a raksha, keke mai ƙafa uku, tana rungume da shi. Ta ajiye shi a diwan, domin nan ne kaɗai ɗakin da ƙofarsa ke rufuwa ruf, ƙura ba ta shiga.

Na tambaye ta me ake nema a cikin akwatin nan da har ta rame. Ina bakin doka a lokacin, faifan ƙarfen da muke gashi a kai, ina yin kisra, siririyar wainarmu ta dawa, ita tana zaune a kan banbar, 'yar kujerar kicin, tana tsintar gefen da ya ƙone tana ci.

Ta ce, "Yumma, a cikin kwamfuta akwai wani abu mai raba aiki, nizam muke ce masa. Akwai kuma ma'aji, inda ake ajiye bayanai. Nizam yana aika saƙo wurin ma'aji ya ce miƙo mini kaza. Tambayar ita ce, bayan ya aika, yaya zai jira?"

Na ce, "Kamar yadda kowa ke jira mana. Da haƙuri."

Ta ce ma'ajin zamanin da, mai faifai yana juyawa, nawa gare shi. Nizam yakan aika, ya tafi wata hidimar, in an gama a ƙwala masa kira. Amma na yanzu, wanda ke cikin akwatin Duktur, bai fi tsawon yatsa ba, ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma saurinsa ya wuce misali. Kafin nizam ya juya ya tafi, a kira shi, ya ajiye abin hannunsa ya dawo, an daɗe da gamawa. Tafiyar da dawowar sun fi aiken kansa cin lokaci. Shi ya sa wasu suka ce gara ya tsaya a bakin ƙofa yana ta tambaya: an gama? an gama? an gama?

Na ce, "To ai ful ne da kisra. Ful wake ne, ki ɗora ki tafi kasuwa. Kisra kuwa in kin juya baya ta zama gawayi."

Ta ce, "Kusan haka. Sai dai ke in kina tsaye a kan doka addu'a kike yi. Shi in yana tsaye, duk ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfutar yake zubawa a tambayar, ba ya bar wa kowa. In aiki ɗaya ne, ba laifi. Amma in ayyuka suka yi yawa, kowanne ya aika nasa saƙon a lokaci guda, kowanne ya tsaya yana an gama, an gama, sai su cushe ƙofar. Wanda nasa ya fito ma ba ya samun hanyar karɓa."

Wannan na gane shi sarai, domin na sha tsayawa a layin burodi.

Sai hanya ta uku, wadda a kanta aikinta yake. Nizam ya aika, ya ɗan runtsa, sannan ya farka ya fara tambaya. Wahalar ita ce sanin tsawon barcin. In ya gajarta, an koma gidan jiya. In ya zarce, saƙo ya iso yana ta minshari. Ita ta rubuta wata dabara da ke gyara barcin da kanta: in ya farka ya tarar an gama tuntuni, karo na gaba ya rage, in ya farka ya daɗe yana tambaya, ya ƙara. Yanzu sai ta gwada hanyoyin uku ɗaya bayan ɗaya, da ayyuka kaɗan, da masu yawa, ta auna wacce ta fi. Gwajin yana cin yini, daga hantsi har bayan la'asar, kuma in aka katse shi a tsakiya sai an faro daga farko.

A unguwarmu kuwa rabon wuta ake yi. Yau a ɗauke da safe, gobe a ɗauke da yamma. Ranar da za a ɗauke da yamma kaɗai gwajin zai yiwu. Sai ta kunna shi da safe, ta ce kada kowa ya taɓa, ta haye gada zuwa Khartum wurin Duktur.

Ranar farko ta dawo ta tarar da akwatin a mace. Ta ce wuta ce. Ta zagi kamfanin lantarki zagin da ban san ta iya ba, na ce ta nemi gafara, ta nema rabi da rabi. Karo na gaba ma haka. Ta buɗe firij, ta taɓa ƙanƙara, ta tarar ko gumi ba ta yi ba. Ta leƙa gidan maƙwabta, suka ce wuta ba ta ko ƙifta ba. Ta dawo ta zauna a tsakar gida tana kallon ƙasa. Ta ce wataƙila dabararta ce ke kashe kwamfutar, wataƙila tun farko ba ta iya komai ba.

Haj yana jin ta daga diwan. Ya ce, "Ma'alesh, ya bitti, yi haƙuri 'yata. Komai da lokacinsa." Muryar nan tasa ta mai ta'aziyya, wadda na sani ba ya fito da ita sai yana da hannu a gawar.

Karo na gaba da ta kunna ta fita, na kai masa shayi wajen azahar ba tare da na ja takalmi ba, don haka bai ji zuwana ba. Tun daga ƙofa na ji akwatin yana huci, fankar cikinsa tana ihu kamar babur a kan yashi. Haj yana durƙushe a gabansa da jallabiya, tabarau a goshi, sukudireba a kunne. Ban san ma yana da sukudireba a gidan ba, ashe a ƙarƙashin katifa yake ɓoye ta. Ya girgiza kai, ya ce la haula, ya miƙa hannu ya zare waya daga bango. Ɗakin ya yi tsit. Sannan ya ɗauko tawul ɗin da ya jiƙa ya shimfiɗa wa akwatin a ka, kamar mai zazzaɓi.

Na ce, "Haj!"

Ya ce, "Ki gode wa Allah ina gida. Saura ƙiris ya kama da wuta. Kayan aro ne fa, kayan Duktur. In ya ƙone me za mu ce?"

"Yarinyar nan kuka take yi."

"Gara ta yi kukan gwaji da ta yi kukan inji. Kada ki gaya mata. In ta san yadda yake zafi hankalinta zai tashi. Ni zan ci gaba da lura da shi."

Na ajiye shayin na fita. Na yi alwala, na yi azahar, na daɗe a kan sallaya. Miji ya ce kada ki faɗa, amana ce. 'Ya kuma shekararta ce ke zubewa a ƙasa kamar ruwan tulu. Kuma Allah ya sani ba mugunta ba ce. Mutumin nan ya kwana biyu ba wanda ya nemi taimakonsa, sai ga inji yana kuka a gefen gadonsa. Ban samu fatawa a kan sallayar ba, amma na tuna abu guda: cewa ya yi kada in gaya mata. Bai ce kada in yi masa tambaya ba.

Da ta dawo ta sake tarar da akwatin a kashe, Haj ya riga ya mayar da wayar bango ya ɗauke tawul ɗin. Na shimfiɗa abinci, muka zauna mu uku a kan tire. Na bari ya kai loma bakinsa, sannan na ce, "Haj, wai ni kam, inji in yana irin ƙarar nan mai kama da fito, me ke damunsa?"

Makaniki yana iya ɓoye zunubi, amma ba ya iya ɓoye cutar da ya gano. Ya haɗiye lomar da sauri.

"Wahala ce ba kaya. Kamar mutum ya taka mai har ƙasa alhali mota ba ta cikin giya. Wannan na ɗakin, da farko lafiya lau, shiru, har na ɗauka ya mutu, sai da na ɗan daddanna madannan na ga ya farka. Can sai ya fara hawa, ya fara hawa, har..."

Ya tsaya. Auta ta ajiye cokali.

"Yaba. Ka daddanna?"

"Kaɗan."

"Sannan?"

"Sannan na cece shi."

"Ka cire wayar."

"Na ba shi hutu. Ko jaki ana sauke masa kaya."

Na zaci za ta yi kuka. Dariya ta fara, irin wadda ba daɗi a cikinta, har sai da na miƙa mata ruwa. Da ta samu numfashi ta yi masa bayani, yadda ta yi mini, amma da ƙarfi. Ta ce shirun da ya ji, lokacin ne nizam yake jira a kira shi, ba abin da ya mutu. Ihun kuwa, lokacin ne ayyuka masu yawa suke tsaye suna tambaya, ƙwaƙwalwar ta cika maƙil, fanka ta tashi tana fifita ta. Ihun nan shi ne abin da ake aunawa. Kwamfutar tana da ma'aunin zafinta, in ya yi yawa ita da kanta za ta sassauta.

Ya ce, "Duk injin da aka kawo mini a ƙone, mai shi cewa ya yi ai yana da ma'auni."

"Yaba, wannan ba bas ba ce!"

"Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba? Wuta yake ci ko tuwon asida? Kuma ke, wane irin aiki ne wannan, a tara ma'aikata su tsaya a ƙofa suna an gama, an gama, ba wanda ke taɓa komai?"

Na ce, "Irin na warsharka, Haj, ranar da kake nan."

Bai kula ni ba. Daga ƙarshe ya ce shi ke nan, halas, ya ɗauke hannunsa, in ya ƙone ya ƙone. Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai in na ji ƙauri."

Ni da ita muka haɗa ido. A diwan ɗin nan kullum akwai ƙauri, ko na turaren wuta ko na sharar da ake ƙonawa a bayan layi. Rana ɗaya ta rage mai wutar yini kafin ta miƙa sakamako. Ba za a fitar da akwatin ba saboda ƙura da zafi. Ba za a fitar da Haj ba saboda ido, kuma ko ba ido, ba a fitar da mutum daga diwan ɗinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya yake ce masa zauna ya zauna: yayarsa da ke unguwar Mayo, can kudancin Khartum, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na kira ta a waya. Ban yi mata bayanin nizam ba. Na ce ƙaninta yana ɓata wa yarinya jarrabawa. Ta ce, "Har yanzu bai bar taɓe-taɓe ba? Ki ajiye mini gawayi."

Ta iso da sassafe, ta sauya mota har uku, da kayan jabanarta, wato na dafa kofi, a leda, domin ba ta shan kofin kowa sai wanda ta soya da hannunta. Ta sa aka jawo angarib, gadon igiya, aka gitta shi tsakanin gadon Haj da bangon da wayar take. Ta hau ta miƙe ƙafa, ta gyara tob, mayafinta. Auta ta kunna gwaji da bismilla. Ranar ba ta je ko'ina ba.

Da farko zaman lafiya. Yaya tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure a Mayo. Can ya ce, "Shirun nan ya yi yawa."

Ta ce, "Kai ma gwada shi."

Auta kuwa ta fi uban. Ta leƙo ta duba allo, ta fita, ta dawo, ta fita, ta dawo da kofin da ba wanda ya nema. Yaya ta ce, "Ke, buɗe ƙofar nan da kike yi ƙura kike shigo mana da ita. Ba ke kika ce ba ya son a dame shi ba? Tafi ki taya uwarki yankan bamiya, kuɓewar miyar rana. In ya gama ni zan kira ki."

"Gwaggo, ai ba ki san yadda ake gane ya gama ba."

"In ya haihu zan ji kukan jariri. Fita."

Auta ta zo kicin ta yanka mini bamiya kamar mai saran itace. Bayan azahar ihun ya fara. Har kicin muna ji. Ita ta san ihun alheri ne, amma wuƙar ta tsaya a hannunta, domin ba akwatin take saurare ba. Muka lallaɓa muka tsaya a bakin taga.

Haj ya miƙe zaune. "Yaya, kin ji? Kin ji abin da nake faɗa?"

"Na ji. Zauna."

"Alwala zan yi."

"Ƙofa tana can. Bango ba famfo."

"Ki bar ni in ɗora hannu kawai. Ba zan cire komai ba. Wallahi hannu kawai."

"Haka ka ce da rediyon Baba. Har ya koma ga Allah bai ƙara jin labarai ba."

"Shekara nawa ke nan, Yaya! Ni fa usta ne. Mutane daga Bahri, ƙetaren kogi, suke zuwa nemana."

"Ni na wanke maka gindi, ya usta. Zauna ka sha jabana."

Ya zauna. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, yana jujjuya sukudirebar da babu ita, domin tun da safe na ɓoye ta cikin buhun shinkafa. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Fankar ta yi ta ihu, shi yana ta salati a hankali, kamar wanda aka ɗaure a gefen rijiya ana ce masa kada ya ceci wanda ya faɗa. Yaya ta ci gaba da labarinta da ƙarfi don ta danne ƙarar. Ihun ya sauka, ya sake hawa, ya sake sauka. La'asar ta yi, muka yi salla kowa kunnensa a diwan, Allah ya karɓa yadda take.

Sai muka ji Yaya: "Ke 'yar boko! Zo, ya yi wani rubutu ya tsaya."

Ya gama. Auta ta kwashe sakamakon ta zuba a wayarta da wani ɗan ma'ajin daban. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, wannan karon kamfanin da kansa.

Da ta zauna ta duba, fuskarta ta faɗi. Dabararta ta yi kyau idan ayyuka kaɗan ne ko matsakaita, tana da sauri kusan kamar mai tambaya ba tsayawa, kuma ba ta cinye ƙwaƙwalwar. Amma in suka yi cunkoso sosai, tsohuwar hanyar nan ta jira a kira ka ta wuce ta. Ta ce duk wahalar nan, ga shi an kayar da ita a wuri guda. Na ce ta kai wa Duktur yadda yake, kada ta yi wa lissafi kwalliya. Ta ce ai ba ta da niyya, Yumma, kawai dai tana son ta ɗan yi baƙin ciki tukuna. Na bar ta ta yi.

Duktur bai ga faɗuwa a ciki ba. Ya ce ta rubuta daidai inda dabarar ke daina amfani, ta ce daga nan nizam ya bar tambaya ya koma jiran kira. Ya ce sanin wurin sauyawar ma sakamako ne.

Ranar munaƙasha muka je mu duka, da kwalin alewa da dabino. Muka zauna a baya. Ta tsaya a gaba da farin mayafi, tana nuna layuka masu hawa da sauka, rabi Larabci rabi Turanci. Wani malami mai sanƙo ya matsa mata da tambayoyi har na fara karanta Ayatul Kursiyyu a kansa, ba don in kare shi ba. Ta amsa, ya sake tambaya, ta ce wannan ba ta gwada ba, ya gyaɗa kai ya rubuta. Aka ce mu fita, muka tsaya a baranda cikin zafi. Aka ce mu shigo.

Mai sanƙon ne ya karanta hukuncin malaman. Bai kai ƙarshen jimlar ba Yaya ta saki guɗa, wadda ta sa wani ɗalibi a ɗakin gaba ya leƙo a tsorace. Aka ce mata Hajja, nan jami'a ce. Ta ce ta sani, shi ya sa ta yi gajeriya.

A motar komawa, kafin mu kai gada, Auta ta yi barci a kafaɗata, baki buɗe, takardunta a cinya. Yaya ta jawo kwalin alewar da na rage wa maƙwabta, ta buɗe, tana ci ɗaya bayan ɗaya tana kallon kogi. Na gan ta, na kau da kai.